Inda Auta Za Ta Gan Ni

Lahadi, da hantsi

Koci, mai koya wa 'yata Auta dara, ya zo gida da kansa, abin da bai saba ba. Ya zauna a bakin kujera, hularsa a gwiwa, ya yi gaisuwar da kowa yake yi mini a 'yan watannin nan, na amsa yadda nake amsa wa kowa. Sannan ya shigo da abin da ya kawo shi. Akwai gasar dara ta yara, darar nan mai sarki da sarauniya da doki, a wani gari mai nisan yini guda a mota. Sunan Auta yana cikin masu zuwa tun kafin abin da ya faru. Mahaifiyarta ce ta sa shi.

Na ce zan yi shawara. Ya ce, "Farfesa, shawara kuma da wa?" Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya sunkuyar da kai yana juya hula. Na zuba masa shayi.

Talata, da yamma

Na tambayi Auta muna cin abinci. Shekararta goma sha biyu, amma yanzu tana auna magana kafin ta sake ta, kamar tsohon alƙali. Ban san wurin wa ta koya ba. Ta ce za ta je, bisa sharaɗi ɗaya: in tsaya inda za ta gan ni.

Na ce wannan ba abu ne mai wuya ba.

Ta ce, "Tun daga farko har ƙarshe fa, Baba. Wasa ɗaya yakan cinye rabin yini."

Na ce wanda ya yi shekara ashirin yana koyar da lissafi a tsaye ba zai ji tsoron tsayuwa ba.

Ban tambaye ta dalili ba, don na san shi. Yayata, gwaggonta, ta faɗa mini yadda aka yi a ranar. Auta ta shiga zauren makaranta yin wasa, ta bar mahaifiyarta a bakin ƙofa riƙe da jakarta da gorar ruwa. Ta ci wasan, ta fito da gudu za ta ba da labari, sai ta tarar gwaggonta ce riƙe da jakar. Tun daga ranar ba ta sake zama a gaban allo da agogo ba. Koci ya ce idan wannan karon ma ta kasa zama har wasa ya ƙare, to darar ta tafi ke nan. Ni kuwa ban san wani wuri da ya rage inda fuskar yarinyar nan take sakewa ba, in ba gaban allon ba.

Alhamis, da safe

Na sake ɗauko kofi uku. Na mayar da ɗaya.

Juma'a, bayan la'asar

Yaya ta zo ta yi wa Auta kitson da zai kai mako. Ta leƙa akwatin da na shirya, ta fitar da rabin kayan, ta zuba waɗansu. Wai na sa wa yarinya rigunan da suka yi mata kaɗan tun bara.

"Kai kuma," in ji ta, "ka riƙa cin abinci a can. Ka koma kamar raken da aka gama tsotsa. Karatun da ka tara bai hana mutum yunwa."

Na ce komai yana tafiya daidai. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina ɗan shekara biyar, ta ci gaba da ninke kaya.

Asabar, bayan magariba

Mun iso. Ɗaki mai gado biyu, taga tana kallon wurin ajiye motoci, famfon wanka yana ɗiga. A hanya Auta ta yi barci a kafaɗar Koci, shi ma ya yi nasa baki buɗe. Ni na kalli hanya.

Lahadi, da yamma

Zauren yana saman bene. Tebura a jere, kowane da allo da agogo mai maɓalli biyu, yara fiye da ɗari, amma ba ka jin komai sai ƙas, ƙas na agogo da tarin wani yaro. Ba a barin iyaye su shiga. An tanadar mana baranda, tsakaninmu da zauren bangon gilashi. Nan muka jeru kamar masu duba jarirai a asibiti.

Na samu wuri daidai teburinta. Ga yadda take yi: ta motsa ɗan dara, ta danna agogo, ta rubuta motsin a takardarta, sannan ta ɗago ta dube ni. Ba murmushi, ba alama. Ta duba kawai, ta mayar da kai. Kowane motsi haka. Idan tana tunani takan sa babban yatsa a ƙarƙashin haɓa. Ban taɓa sanin tana yin haka ba. Na san wadda take yin haka.

Sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana sa tabarau hazo, dole na riƙa cire shi ina gogewa.

Ta ci wasan.

Litinin, da azahar

Ta sake ci. Kusa da ni a barandar akwai wani mai shagon tayoyi, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin murya, wanda ya kawo ɗansa. Ya raba mini lemu, ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa sai ya tafa hannu.

"Farfesan lissafi? To ai shi ke nan, mu 'ya'yan masu faci sai mu naɗe tabarma. A gida ake dafa ta, a zo nan a sauke."

Na ce masa ban san yadda doki yake tafiya a allon ba. Gaskiya ce. Duk shekarun nan ina ɗakin karatuna ita da mamanta suna falo suna wasan, ina jin dariyarsu ta bango. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce masu ilimi akwai iya ɓoye ƙafa. Ya tambayi inda mamanta take. Na ce ba ta samu zuwa ba.

Talata, da yamma

Yau da ɗan mai tayoyi aka haɗa ta. Wasan ya yi tsawo. Yaron ya miƙa mata hannu yana cije leɓe, ya fito ya wuce ubansa bai tsaya ba. Uban bai raba lemu ba yau.

Ƙafafuna sun kumbura kaɗan. Komai yana tafiya daidai.

Laraba, da hantsi

Babbar alƙaliyar gasar ta aiko a kira ni. Mace ce mai furfura a gefen kai, tana magana a hankali kamar mai tsoron tada wani daga barci. Ta ba ni kujera, ta ce an kawo ƙorafi, kuma ba mutum ɗaya ne ya kawo ba. Yarinyata tana duban gilashi bayan kowane motsi. Ni kuma ina cire tabarau, in goge, in mayar. Waɗansu iyaye suna ganin saƙo ne nake aika mata: in na cire, ta kai hari, in na bar shi, ta tsare gida.

Na yi mata bayani a tsare. Na ce duban yana zuwa ne bayan motsi, ba kafinsa ba, saboda haka ba zai zama sanadinsa ba. Na ce wanda bai san wasa ba ba shi da abin aikawa, kuma a shirye nake a zaunar da ni gaban ƙaramin yaron da ke zauren a ga yadda zai yi kaca-kaca da ni. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe. To me ya sa take duban ka?"

Na ce al'adarta ce.

"Kai kuma me ya sa kake cire tabarau?"

Na ce sanyin na'ura ne.

Ta ce, "Na'urar a cikin zaure take. Barandar ku ko fanka babu."

Jimlar da ake bukata gajeriya ce, kalma uku ko huɗu, na kuma san nahawunta. Na kalli kalandar da ke bangon ofishin har ta gaji da jira. Ta ce ba ta tuhumar kowa, amma aikinta ne ta kawar da zargi. Daga gobe za a rufe gilashin da takarda, iyaye duka su koma ƙasa.

Ba na son a ce an bar yarinyar nan ta ci wasa don tausayi. Wannan shi ne dalilina na ƙin faɗa mata. Na maimaita wa kaina shi a kan bene, ya tsaya da ƙafafunsa.

Laraba, bayan magariba

Na faɗa wa Auta. Ta ce, "To." Ta juya fuskarta bango. Famfon yana ɗiga.

Alhamis, da yamma

Sun manna farar takarda tun daga sama har ƙasa. Mu iyaye muna ƙasa, a wani dogon benci a ƙarƙashin bene, kusa da mai sayar da ruwa. Babu wanda ya zauna kusa da ni. Wata mata ta ce, ba da ni take ba amma don in ji, "Mutum ɗaya ya ja mana."

Ba a daɗe da farawa ba na ji gudu a kan bene. Auta ce, biro a hannunta, takalmi ɗaya ya kusa fita. Ta tsaya a matakalar ƙarshe tana haki, ta dube ni tun daga hula har ƙafa. Ba ta zo wurina ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na ga kamar ba ka nan."

Na ce, "Ina nan."

Ta juya za ta koma, sai ga mataimakin alƙaliya ya sauko. Dokar a fili take: wanda ya bar zaure ba da izini ba yana tsakiyar wasa, an cinye shi. Koci ya ce tana gaba da doki guda cur lokacin da ta tashi.

Mai tayoyi yana tsaye da gorar ruwa a hannu, bai sha ba.

Juma'a, da safe

Babu wasa yau, ranar hutu ce. Koci ya same ni a wurin karin kumallo, bai ko gaisa ba.

"Farfesa, ka yi haƙuri, yau zan yi maka rashin kunya. Bakinka ne ya yi nauyi, yarinya take ɗauka. Ciwon da aka ɓoye wa mai magani ai shi yake kashe ƙafa."

Na ce al'amarin gidana ne.

"Na gidanka ne, amma jiya a kan bene ya sauko da gudu, kowa ya gani."

Na ce na gode da shawara. Ya ce ba shawara ba ce, kuma ya riga ya faɗa wa mai tayoyi abin da ya same mu, in na ga dama in kore shi daga aikin da ba na biyan sa.

Juma'a, bayan la'asar

Mai tayoyi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Muryarsa ta ragu har ban gane ta ba da farko. Ya ce, "Malam, ni ne na fara kai maganar. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Na amsa yadda nake amsawa. Ya ce yanzun nan zai je wurin alƙaliya, da hannunsa zai yage takardar, wanda ya ƙi ya zo su yi.

Auta tana zaune a kan gado da ƙaramin allonta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kawu, a bar ta."

Ya ce, "'Yata, ai saboda ke ne."

"Shi ya sa. In an cire, duk wasan da na ci za a ce ga dalili."

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Wannan kam 'yarka ce, ba sai an yi gwaji ba." Ya ajiye ledar lemu a kan tebur ya fita.

Bayan ya tafi ta ci gaba da jera 'ya'yan dara tana rushewa. Can ta ce, "Baba, gobe a ina za ka zauna?"

Na ce a bencin nan na ƙarƙashin bene.

"Ba za ka je ko'ina ba?"

"Ba zan je ba."

"Mama ma ba ta ce za ta je ko'ina ba."

Wannan ne karo na farko da aka ambace ta tsakanina da Auta tun ranar. Na lura hannuna yana kan murfin gora, ina ta murɗa shi alhali a rufe yake. Abu mafi sauƙi shi ne in rantse mata cewa babu abin da zai same ni. Amma ta riga ta san darajar irin wannan rantsuwar, kuma ban taɓa rubuta wa ɗalibi abin da ba zan iya tabbatarwa ba, balle 'yata.

Na ce, "Auta, abin da ba a hannuna yake ba, ba zan yi miki alkawarinsa ba. Ita ma da a hannunta yake, da kin fito kin same ta. Abin da yake hannuna shi ne ƙafafuna. Ba za su tashi daga bencin nan ba sai kin sauko."

Ta daɗe tana juya sarauniya a tsakanin yatsunta. Ta ce, "Ko fitsari?"

Na ce, "Ko shi."

Ta ce, "To kada ka sha shayi da safe." Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, sannan abin ya juye ya zama wani abu dabam. Na zauna kusa da ita. Tabarau na ajiye shi a kan tebur, ban ga amfanin gogewa ba.

Asabar, da azahar

Ban sha shayi ba. Ta zauna har wasa ya ƙare, amma ko rabin awa ba a yi ba ta sauko. An cinye ta. Koci ya ce ta yi wasa kamar wadda kare ya biyo, tana jefa 'ya'ya don a gama ta fito.

"Wannan ba zama ba ne, Farfesa," in ji shi. "Tsugunne ne."

Saura wasa ɗaya.

Lahadi, bayan magariba

Zan rubuta wannan a tsare, don ina so ya zauna daidai.

Ta hau bene da safe, ba ta waiwayo ba sai a kwana, sau ɗaya. Na zauna a benci. Rabin awa ta wuce, ban ji gudu ba. Awa ta wuce. Yara suka fara saukowa ɗaya-ɗaya, masu murna da masu kumburin fuska, iyaye suna kwashe su. Ɗan mai tayoyi ya sauko ya ci nasa, uban ya ɗaga shi sama kamar buhu, amma bai tafi ba, ya sallami yaron ya tafi ɗaki, shi kuma ya dawo ya zauna kusa da ni. Ya yi mini bayanin yadda ake gane tayar da aka yi wa fenti aka sayar a matsayin sabuwa. Na saurara da kyau, ban riƙe ko ɗaya ba.

Rana ta take. Bencin ya koma daga ni sai shi. Mai sayar da ruwa ya fara tattara kayansa. Na ga mataimakin alƙaliya ya sauko da agogo cike da kwali, wato ana kwashe tebura ke nan. Auta ba ta sauko ba.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya da kalmomin da suka dace ba. Benen nan matakala kaɗan ne. Na san babu abin da zai samu yarinya a zauren da ke cike da alƙalai. Na san wannan sarai, kamar yadda ita ma ta san babu abin da zai samu mutum a kan benci. Gwiwoyina suka fara miƙewa da kansu, na sa tafin hannu na danne su. In na hau ta wannan gefen ta sauko ta wancan ta tarar da benci babu kowa, to na rushe abin da ba zan iya sake ginawa ba.

Mai tayoyi ya dubi hannuwana. Ya ce, "Zauna, Malam. Ni ban yi wa kowa alkawari ba." Ya hau.

Ya daɗe, ko kuma ni na ga ya daɗe. Da ya sauko yana girgiza kai yana dariya ƙasa-ƙasa.

"An gama wasan tun ɗazu. Suna ƙaramin ɗakin gefe ita da yarinyar da suka kara, sun sake jera allo suna bitar wasan. Wai haka suke yi in wasa ya yi daɗi. Musu suke kan wani doki, 'yarka har da buga tebur. Kocinku yana tsaye a kansu ya kasa sa baki."

Na ce, "Ta ci ne, ko an cinye ta?"

Ya ce, "Wallahi ban tambaya ba. Su ma kamar sun manta."

Na ce, "Ta tambaye ni?"

Ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce, "A'a."

Na ce madalla. Kuma madalla ɗin nake nufi, ko da yake ya fito da wata murya da ba tawa ba.

Da ta sauko tare da ɗayar yarinyar take, suna ta magana da hannu. Ta iso benci ba ta dube ni daga hula zuwa ƙafa ba. Ta miƙo mini jakarta ta ce, "Baba, canjaras muka yi, amma da na kai dokin gefe da na cinye ta. Yunwa nake ji." Na ce in ta ba ni izini zan fara zagayawa tukuna. Mai tayoyi ya yi dariya har ya share ido.

Ba ta samu kofin gasar ba. Ta zo a tsakiyar jeri.

Litinin, da yamma

Mun dawo. Yaya ta tarbe mu, ta duba kitso, ta duba ni, ta ce ko ba komai na ɗan yi baƙi, alamar na fita rana.

Alhamis, da safe

Auta ta jera allo a falo ta ce in zauna. Doki yana tafiya biyu a miƙe, ɗaya a gefe. Ta ce mamanta ma sai da ta yi mako tana mantawa. Mun yi maganarta kaɗan.

Asabar, da yamma

Na kai ta wurin Koci, inda suke atisaye duk mako. Na kashe mota zan fito, sai ta ce, "Baba, ka je abinka. Ka dawo ƙarfe biyar."

Na ce to. Na jira ta shige, na tada mota, na sha kwana, na tsaya a bayan ginin, ƙarƙashin wata bishiya, inda ba za ta gan ni ba. A nan nake rubuta wannan.